Kaset ɗin Babbar

Ranar wata Talata da hantsi labarin ya iske Zinatu. Tana kicin ɗinta a unguwar Small Heath ta Birmingham, ta ɗora wake a wuta tana gyaran alayyafo, sai wayarta ta yi ƙara a kan firij. Da ta ga sunan Rumaisa, 'yar ƙaninta Halliru, ta goge hannu a zani ta ɗauka da fara'a.

"'Yar Manchester, yau an tuna da mu?"

Can Rumaisa ta ce, "Gwaggo, Baba ne. Ya faɗi a ƙofar masallaci bayan asuba, an kai shi asibiti." Sauran da Turanci ta ƙarasa, don Hausarta guduwa take idan abu ya yi mata nauyi.

Zinatu ta yi innalillahi sau uku. Ta kashe wutar waken, ta rufe tukunyar, ta leƙa falo inda mijinta Malam Abdulsalami yake duba jarida.

"Malam, ɗauko makullin mota. Halliru ya rasu."

Su biyu ne suka rayu a cikin 'ya'yan Inna. Zinatu ce ta fari, shekara shida ta ba Halliru. Ita aure ne ya kawo ta Birmingham, kuma karatunta bai wuce aji shida na firamare a Kazaure ba. Shi kuwa karatu ne ya kawo shi, ya zama injiniyan ruwa, ya yi zamansa a Manchester. Tun rasuwar matarsa yake shi kaɗai a wani ƙaramin flat a Whalley Range, a cikin irin manyan gidajen nan na da da aka yayyanka.

An binne shi washegari. A ranar uku, bayan an yi addu'a an watse, Rumaisa ta tsaya a tsakiyar ɗakin babanta tana kallon kayan. Mai gidan ya ba su sati biyu su kwashe. Ita kaɗai ce 'yar Halliru, ma'aikaciyar jinya ce, ta san aikinta, amma wannan bai shiga karatunta ba.

"Gwaggo, ni ban san yadda ake yi ba. Ki yi abin da ya dace."

"Ni na sani," in ji Zinatu, ta ɗaure ɗankwalinta.

A gidansu ba a barin kayan mamaci su kwana suna jiran ƙura. Sadaka ake yi da su da wuri, ladan ya riske shi. Kafin la'asar ta raba riguna da huluna, ta aika da barguna masallaci, ta ba ɗalibai littattafai. A ƙarƙashin tebur akwai tsohuwar kwamfuta, irin mai katon akwati. Ta tambaya wa ke buƙata, aka nuna mata Bara'u, wani magidanci da ya zo digiri na uku da matarsa da 'ya'ya uku, dukkansu suna layi a kan laptop ɗaya.

"Ɗauki, Allah ya kai masa ladan."

Ta koma Birmingham zuciyarta a kwance, ta san ta yi wa ƙaninta abin da ya kamata.

Kwana bakwai da rasuwar, bayan azahar, ta zauna tana bin tsofaffin saƙonnin muryarsa a wayarta. Halliru bai iya gajeren saƙo ba. Zai fara da gaisuwa, ya bi ta ciwon gwiwarsa, ya zagaya kan tsadar rago, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. A ƙarshen wani saƙo na watan azumi ya yi dariya ya ce, "To Yaya, kaset ɗinki dai yana nan a tsohuwar kwamfuta. Duk ranar da kika shirya."

Ta ajiye wayar a cinyarta.

Inna ba ta yi karatu ba, kuma ba ta yarda da waya ba, ta ce mutum bai gama gaisuwa ba an katse shi. Saboda haka kaset take aiko musu. Za ta zauna a gaban rediyon maƙwabciyarta Inaya ta yi ta magana har kaset ya cika, a ba mai tahowa Ingila ya kawo. Shekara goma sha bakwai da suka wuce Inna ta kwanta ciwo, ta aiko a gaya wa 'ya'yanta su zo. Halliru ya tafi ya yi sati biyu ya dawo. Zinatu ba ta je ba. Takardunta na zama ba su fito ba a lokacin, in ta fita ba lallai ta dawo ba, ga yara ƙanana uku. Ta ce sai bayan damina. Inna ba ta kai ƙarshen damina ba.

Bayan arba'in wani matafiyi ya kawo wa Halliru kaset, ya ce marigayiya ce ta yi shi kwana huɗu kafin ta cika, ta ce a ba babbar. Zinatu ta ƙi karɓa. Ta san Inna, ba ta ɓoye magana. Idan har a cikin kaset ɗin nan Inna ta ce ba ta yafe ba, to babu inda za a je a roƙe ta. Gara a bar shi a rufe. Halliru bai matsa mata ba, bai kuma saurara ba, ya ce amana ce. Da laima ta fara cin kasakasan a gidansa, ya karɓo har da nata na baya ya juye su duka a kwamfuta. Na ƙarshen ya juye shi da murya a kashe. Kasakasan suka ƙarasa lalacewa aka zubar. Duk shekara sai ya tuna mata, duk shekara sai ta ce masa tukuna.

Yanzu babu Halliru, kuma da hannunta ta bayar da kwamfutar. A nan zaune ta gane cewa duk shekarun nan tana iya cewa tukuna ne saboda ta san yana nan. Ko me Inna ta faɗa, tana so ta ji.

Ta nemi lambar Bara'u a wurin Rumaisa ta kira shi. Suka gaisa, ya ƙara yi mata ta'aziyya, ta tambaye shi kwamfuta.

"Tana aiki lafiya lau, Hajiya. Ranar Asabar na yi mata fomatin, na goge komai na saka mata sabon tsari. Yara har sun fara aikin makaranta a kai."

"Ka goge komai."

"Eh, don kar a ga sirrin marigayi. Ko akwai matsala?"

"Zan kira ka."

A ajin Islamiyyar matan Asabar akwai wata Turai, da ta gama karatun kwamfuta a jami'ar nan ta Aston, take aiki daga gida. Zinatu ce ta koya mata inda ake samun daddawa ta gaske a Coventry Road. Ta kira ta, ta faɗa mata komai a taƙaice.

"Hajiya, kafin mu ce komai, ki kira shi ya kashe ta," in ji Turai. "Ya zare ta daga soket. Kar wanda ya sake kunnawa, ko na minti ɗaya."

"Ai ya ce ya goge."

"Ki dai kira shi tukuna, sai in yi miki bayani."

Ta kira Bara'u ta faɗa masa. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da jakar gana-masgo da wani tsohon zanin atamfa. Malam Abdulsalami ya sauke tabarau yana kallonta.

"Ina zuwa haka?"

"Manchester."

"Hajiya, abin da aka bayar sadaka ba a komawa a karɓe. Me mutane za su ce?"

"Wa ya ce karɓewa zan yi? Aro zan yi. Ba a hana aro ba."

"To ki bari gobe in kai ki."

"Kai da ba ka wuce gudun mil hamsin a babbar hanya? Jirgin ƙasa ya fi ka sauri."

Ta hau bas zuwa tashar New Street, ta shiga jirgi. Bara'u ya tare ta a ƙofa duk kunya ta rufe shi, yana ta ba da haƙuri.

"Kai me ka yi? An ba ka abu, ka gyara abinka. Ni ce mai rawar hannu. Ka ara mini ita sati ɗaya, zan dawo maka da ita da kaina."

Ta naɗe akwatin da zanin nan kamar jariri, ta saka a jaka. A jirgin dawowa ba ta yarda ta ajiye shi wurin kaya ba, a tsakanin ƙafafunta ya zauna har Birmingham.

Washegari da safe ta kai wa Turai a flat ɗinta na Aston, hawa na uku, ga lif ya lalace. Da Turai ta buɗe jakar sai ta riƙe baki tana dariya.

"Hajiya, ai hard drive ɗin kawai ake cirowa. Ɗan faifai ne, bai fi tafin hannu ba."

"Ni na san wanne ne faifai? Ga ta nan gaba ɗaya, ki zaɓi abin da kike so."

Turai ta kwance ƙusoshi huɗu, ta zame murfin, ƙura ta tashi. Ta ciro wani ɗan ƙarfe mai nauyi ta ɗora wa Zinatu a hannu. Zinatu ta juya shi gaba da baya. Babu ko taga a jikinsa.

"Inna tana cikin nan?"

"Ina sa rai. Kin ga, idan aka yi fomatin irin na sauri, ba a share kayan da ke ciki. Jerin sunayen ake yagewa, wanda ke nuna ina kowane abu yake. Kayan suna nan. Matsalar ita ce kwamfutar tana ɗauka wurin babu kowa, duk sabon abin da aka saka sai ta ɗora shi a kan tsohon. Wanda aka hau kansa ya tafi ke nan. Shi ya sa na ce a kashe."

Zinatu ta auna maganar. "Kamar a cire wa gwangwanayen kayan miya takardar suna."

"Haka ne."

"To ai ni nawa ba su da takarda. Buɗewa nake in sansana."

"Za mu kai nan," in ji Turai. "Don abin da zan samo ba zai zo da suna ba, lamba ce kawai."

Ta yi mata bayanin cewa ba za ta yi aiki a kan faifan kansa ba. Ya tsufa, yana ɗan ƙyas-ƙyas idan yana juyawa, in aka wahalar da shi zai iya tsayawa gaba ɗaya. Za ta fara kwafe shi kacokan zuwa wani sabo, daga farko har ƙarshe, har da wuraren da ake zaton babu komai, sannan ta yi bincike a cikin kwafin. Ta jona shi da wata igiya, wani siririn layi ya fito a allon ya fara tafiya kamar ba ya so.

"Yaushe zai gama?"

"Gobe da yamma, in bai yi gardama ba."

"Ba zai yi ba," in ji Zinatu. Ta ajiye mata robar dambun nama a kan tebur ta tafi.

Bai yi gardama ba. Ranar Juma'a Turai ta kira ta ce ta samo fayil sama da dubu huɗu: hotuna, takardun aiki, zanen bututun ruwa, karatun Alƙur'ani. Ta ware masu murya gefe guda, amma ba ta saurara ba.

"Maganar gidanku ce, Hajiya, bai kamata in ji ba. Na tura wa Rumaisa, ta ce yau ba ta da aiki, za ta bi farkon kowanne ta ware miki naki. Gobe za ta taho."

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu su uku a falon Turai. Tun daga ƙofa Zinatu ta ga idon Rumaisa ya kumbura. Yarinyar ta zo da takarda, ta ja layi ta jera lambobi kamar yadda take jera magungunan marasa lafiya.

"Gwaggo, na yi iya ƙoƙarina. Guda arba'in da uku ne na muryar Inna. Talatin da biyar na Baba ne, da sunansa take farawa. Sauran takwas ba na kowa ba ne, babu suna. Na saurari farkon kowanne sau biyu. Babu Zinatu ko ɗaya." Ta miƙa mata takardar. "Ina jin naki ne aka hau kansu. I'm so sorry, Gwaggo."

Turai ta sunkuyar da kai.

Zinatu ta dubi takardar, ta dubi 'yar ƙaninta. Abin da ba ta yi ba tun ranar Talatar nan shi ya zo mata, ta yi dariya har ta dafa kujera.

"Takwas ɗin nan da ba na kowa ba, me take cewa a farkonsu?"

Rumaisa ta duba. "Tana cewa, 'Salamu alaikum, ke ta can.'"

"To ga ke ta can a gabanki. Ke da kika yi ta neman Zinatu, wa ya gaya miki Inna tana kiran sunana? Ni ce 'yar fari. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, kunya ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce ke, in tana maganata da mutane sai ta ce babbar. Ko wata Zinatun ta gani a gidan biki, sai dai ta ce mai sunan yarinyar nan."

"Ko sau ɗaya?" in ji Rumaisa. "Ba ki ji haushi ba?"

"Haushin me? Ni aka fi ji da ni, shi ya sa."

Turai ta dafe goshi. "Wallahi kakata haka take yi wa babanmu. Da na tuna da na gaya mata."

"Ku 'yan boko sai abu ya zo da takarda a jikinsa. Kunna mini su ɗaya bayan ɗaya."

Turai ta ce za ta shiga ciki ta ba su wuri, Zinatu ta riƙo hannunta ta zaunar da ita. "Ke kika tono, zauna."

Aka kunna na farko. Muryar Inna ta cika falon, siririya, tana jan gaisuwa, ga zakara yana cara a bayanta. Zinatu ta rufe ido. Ba a yi minti ɗaya ba ta ɗaga hannu.

"Wannan na sani. Na haihuwar ɗana Imran ne, za ta ce in riƙa shan kunun kanwa. Wuce."

Na biyu akwai ƙarar injin niƙa. "Shekarar da aka kawo inji gidan Inaya. Wuce." Na uku ta gane shi da kukan akuya, na huɗu da kiran sallar wani ladan da ya rasu tun tuni. Haka ta bi su tana buɗewa tana rufewa. Bakwai duk ta taɓa jin su, wasu har ta haddace.

Na takwas ya fara da ruwan sama a kan kwano, mai ƙarfi, sai tari. Zinatu ta gyara zama.

"Shi ne. Bar shi."

"Hajiya, bari in gaya miki tun yanzu," in ji Turai tana kallon allon. "Wannan bai fito duka ba. An hau tsakiyarsa. Akwai minti shida a farko, da kamar minti biyu a ƙarshe."

"Kunna abin da ke akwai."

"Salamu alaikum, ke ta can," in ji Inna. Numfashinta yana fita da ƙyar, amma ba ta rage komai a gaisuwar ba. Ta gaida maigida, ta gaida yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta ce ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gida ta zube. Ta ce ƙaninki ya zo ya cika mini ɗaki da magunguna, ya rame, ki riƙa sa ido a kan cin abincinsa, don ba ya faɗa in yana jin yunwa. Rumaisa ta toshe baki da mayafi.

Sai Inna ta yi tari mai tsawo, ta ce, "An gaya mini ba za ki samu zuwa ba."

Zinatu ta damƙe hannun kujera.

"Na ce to madalla, ta yi hankali. Da kin bar mini jikoki a ƙasar mutane kin taho kallon tsohuwa tana tari, da ni da ke ne. Me za ki yi mini da Inaya ba ta yi? Ki zauna inda kike. Abin da nake so ki riƙe shi ne..."

Muryar ta yanke. Wani irin ƙara ya biyo baya, kamar ana yaga tsumma, sannan shiru.

Turai ta matsar da shi gaba. Ruwan ya dawo, ya ɗan lafa. Aka ji Inna tana cewa, "Inaya, ɗan fita ki ja mini ƙofar. A'a, bar shi yana juyawa, na san inda ake dannawa." Ƙofa ta yi ƙara. Aka daɗe ba a jin komai sai ɗigar ruwa a bokiti.

"Zinatu."

A hankali ta faɗe shi, kamar mai taka wurin da ba ta saba ba. Ta yi 'yar dariya.

"Ashe haka yake a baki. Ni na roƙi babanki ya sa miki shi, sai ga shi kowa yana kira ban da ni. Zinatu. Ban riƙe ki da komai ba, kin ji ko? Allah ya yi miki albarka. To, ina abin dannawar nan yake..."

Aka ji ƙas, ya ƙare.

Zinatu ta zauna hannuwanta a kan gwiwa, hawaye yana sauka ba ta share ba. Shekara goma sha bakwai Halliru yana ajiye da wannan a ƙarƙashin teburinsa bai san me ke ciki ba, kuma bai gaji da tuna mata ba. Shi ta fara yi wa addu'a, sannan Inna.

Can Turai ta ce, "Hajiya, tsakiyar nan, akwai kamfanonin da suka fi ni kayan aiki. Sai dai gaskiya abin da aka riga aka hau kansa ba ya dawowa, ko a wurinsu."

"Me ya hau kai?"

Turai ta duba. "Ba zan iya rantsewa ba. Amma yawancin abin da aka saka sabo, ban da tsarin kansa, aikin makarantar yara ne. Akwai wani zane na duwatsu masu aman wuta."

"To ki bar shi. Sadakar Halliru ce ta zauna a wurin. Abin da ta ce in riƙe kuwa, na san Inna, ba zai wuce sallah da zumunci da kar in yawaita gishiri ba." Ta share fuska da gefen mayafi ta juya ga Rumaisa. "Ke kuma talatin da biyar ɗin nan naki ne. Ki zauna ki saurare su duka, ba farko kawai ba. Hausarki ma ta ƙaru."

Turai ta kwafe komai wuri uku, ɗaya na Zinatu, ɗaya na Rumaisa, ɗaya ta ce a ajiye a wani gidan daban. Tsohon faifan ta ce ya gama aiki, ta saka wa kwamfutar wani da take da shi a ajiye, ta mayar wa yaran aikinsu a kai. Ranar Litinin Zinatu ta sake naɗe akwatin da zani, wannan karon ta bar Malam Abdulsalami ya kai ta, suka yi awa uku a hanya. Ta miƙa wa Bara'u a ƙofa ta ce, "Ga aronka, na gode. Ka ce wa mai zanen duwatsu ya dage."

Kafin su rabu a ranar Asabar ɗin nan, ta sa Turai ta yanko mata wani ɗan guntu daga ƙarshen kaset ɗin ta saka mata a waya, a inda ba sai ta nema ba. Bai kai daƙiƙa goma ba. Kullum da safe, in ta idar da sallah ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi, sai ta jingina wayar a jikin gwangwanin sukari ta danna. Ruwa ya ɗiga a bokiti, Inna ta ce, "Zinatu."

"Na'am, Inna," in ji ta, sannan ta ɗauko kofuna.